Minti Arba'in a Bakin Rijiya Mai Tafasa

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ofishinmu na Kankia, a gidan suna, har a cikin mota in an gane ni, sai an ce in faɗi yadda ƙasar take, kuma wai da gaske ni na ɗauki hoton nan da ke rataye a shagon maigidana a Kusada. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wadda ta ji farko ba ta ji ƙarshe ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta da kansa.

Sunana Rabi, malamar gona ce ni. Shekara goma sha ɗaya ina kai da komo tsakanin Rimaye da Sukuntuni, ina nuna wa mata yadda za su tare zaizayar ƙasa a 'yan gonakinsu. Wata rana shugabanmu ya ce an buɗe wani kwas na mako shida kan farfaɗo da ƙasar da ta mutu, a wata ƙasa wai ita Iceland, in gwada sa'ata. Na cike takardun don kada a ce na ƙi, na manta da zancen. Bayan wata huɗu saƙo ya zo cewa an ɗauke ni.

Maigidana, Baban Ummi, sana'arsa ɗaukar hoto, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba. Da na faɗa masa sunan ƙasar sai ya ce lokacin da yake koyon aiki a Funtuwa akwai wata tsohuwar kalanda a shagon ubangidansa, da hoton ruwa yana tashi daga cikin ƙasa ya fi bishiyar rimi tsawo. A ƙasan hoton an rubuta sunan wannan ƙasar. Ya ce shekara biyu yana share shagon yana kallonta. Washegari ya dawo gida da babbar kyamararsa, ya ajiye a gabana, ya ce da ita zan tafi.

Na ƙi. Ita kaɗai ce kyamarar kirki a shagon, ɗayar tsohuwa ce da sai an buga mata tafin hannu take aiki. Ga shi an san ni a dangi, ko da waya aka ba ni in ɗauki mutane sai na yanke kan wani. Yayarsa Hajo ma da ta ji, ta zo har gida ta ce masa abincin gidan nan kaf ya ɗauka ya damƙa wa wadda ba ta san gabanta da bayanta ba. Bai yi musu da ita ba, bai kuma janye ba.

Mako biyu ya yi yana koya mini. Kullum bayan la'asar sai ya cika bokiti, ya tsaya a tsakar gida, ya watsa ruwan sama, ni kuma in ɗauka. Ya ce in manna gwiwar hannuna a haƙarƙari, in riƙe numfashi, in danna in bar yatsana a kai. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga. A cikin kwana goma sha huɗun nan na ɗauki katanga, na ɗauki igiyar shanya, na ɗauki akuyar Hajo, amma ban taɓa kama ruwan a sama ba ko sau ɗaya. Ran da zan tafi ya gargaɗe ni da abu ɗaya: ya karanta cewa ruwan can yana da wani gishiri da in ya bushe a gilashin kyamara ba ya fita. In ga dama in dawo ba hoto, amma kada ruwan ya taɓa ta.

Rigar sanyi kuwa a kasuwar Kankia na samo, wajen Madam Ngozi mai gwanjo. Ta zazzage dila biyu kafin ta fito da wani kwat na maza, baƙi, mai kai mini har idon sawu. Na ce ya yi mini girma. Ta ce ƙanenta ya taɓa zama ƙasar sanyi, in ɗauka kawai, zan gode mata. Na kuwa gode mata kullum har na dawo.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha, daga nan Kano, daga Kano Abuja. Taya ta fashe mana bayan mun wuce Zariya, muka yi awa biyu a gindin wata darbejiya. Duk tsawon tafiyar jakar kyamarar tana kan cinyata, na rungume ta da hannu biyu. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta daure har ta gaji, ta raɗa mini cewa in gwal ne a ciki in daina riƙe ta haka, kowa zai gane.

Daga Abuja jirgi ya kai mu Jamus, can aka sake duba fasfo. Jami'in ya tambaye ni me zan je yi, na ce koyon noma. Ya sake duba sunan ƙasar, ya dube ni, ya ce a can? Ya buga hatimi yana murmushi. Sai da jirgi na biyu ya fara sauka na gane abin da ya ba shi dariya. Ta taga ba abin da na gani sai baƙin dutse shimfiɗe kamar an ƙone duniya an share tokar. Ko bishiya ɗaya babu.

A nan ne aka raba ni da kilishina. Wata jami'a mai jan gashi ta buɗe akwatin, ta ɗaga ƙunshin, ta ce nama ba ya shiga. Na roƙa, na ce ya bushe ƙamas, ta ba ni haƙuri ta jefa shi cikin wani kwando ina ji ina gani. Sannan ta ci karo da kwalbar daddawa. Ta buɗe, ta shinshina, ta ja da baya. Na ce shi ke nan, ita ma ta tafi. Da na yi mata bayani cewa 'ya'yan itace ne ake dafawa a rufe su kwana uku, sai ta rufe kwalbar ta miƙo mini, ta ce su ma suna da wani kifi da suke binnewa ya ruɓe kafin su ci, kuma nasu ya fi nawa wari.

An sauke mu a wani gidan ɗalibai a bayan gari, mu goma sha tara daga ƙasashe daban-daban. Abokiyar ɗakina Oyuna, 'yar Mongoliya, gajeruwa mai faɗin fuska, iyayenta makiyaya ne. Turancinta da nawa duk gurgu ne, amma da ta nuna mini hoton mahaifiyarta tana tatsar nono, na nuna mata na Fulanin rugar bayan Rimaye, sai muka zama kamar mun daɗe da sanin juna. Akwai kuma Malam Isuhu, wani ma'aikacin gandun daji daga Maraɗi. Ranar farko ina fama da ƙofar da ta ƙi buɗuwa, na ji an ce a bayana, «Hajiya, turawa za ki yi, ba ja ba.» Na juyo kamar in yi kuka. Hausarsa irin tamu ce sak, har da yadda yake jan magana.

Ruwan gidan ya fara ba ni wahala. Na buɗe famfon zafi zan yi alwala, sai ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na rufe, na je na samu mai kula da gidan na ce bututunsu ya haɗu da na masai. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ba wanda ke dafa ruwa a ƙasarsu, daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da zafinsa da warinsa, su dai bututu kawai suke sa masa. Na tuna yadda muke neman kara da itace don ruwan wankan jego. Na sanyin kuwa daga famfo ake sha, ya fi na randa daɗi.

Rana ma ba ta san ka'ida ba. Mun je a lokacin zafinsu, in ta faɗi ba ta daɗewa take dawowa, gari ba ya yin duhu sosai. Kwana biyu na rikice da lokutan salla, sai Malam Isuhu ya samo mana jadawali daga wani ɗan masallaci da ke babban birninsu, muka bi.

Abinci kifi ne, yau kifi gobe kifi, da dankali ba yaji ba mai. Da daddawata da garin kuka na ceci kaina, har Oyuna ta koyi shan miyar da cokali. Abin da na so a nasu shi ne wani kindirmo mai kauri da suke ci da safe, wanda da an samu fura da an gama magana. Suna kuma da wani baƙin burodi mai zaƙi da suke binne tukunyarsa a ƙasa mai zafi ya kwana ya nuna.

Mutanen ba su iya gaisuwa ba. Kalma ɗaya, sun wuce, ba ina gajiya ba ina iyali. Amma a sunaye sun yi kama da mu, kowa da sunan ubansa ake kiransa, wane ɗan wane, wance ɗiyar wane, mace ko ta yi aure ba ta canzawa. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ran da na ga jariri a ɗan keken da ake tura jarirai a ciki, a waje, a ƙofar wani gidan shayi, cikin wannan iska, ba kowa kusa da shi. Na tsaya a kansa na kusa minti goma ina gadi, ina tsine wa uwar a zuci. Can ta fito da kofi a hannu, ta ce mini lafiya? Ashe haka suke yi, wai barcin waje ya fi ƙara wa yaro lafiya, kuma tana kallonsa ta taga. Ta yi mini godiya dai, amma na ga alamar ni ce na ba ta tsoro.

Karatun kansa ya yi amfani, kuma zan yi wa matan Sukuntuni bayaninsa a gona, ba a takarda ba. Abin da ke cina shi ne mako biyar sun wuce ban ga ruwan nan na cikin kalanda ba. Duk fitar da ake yi da mu wajen zaizaya da ciyawa ake kai mu. Baban Ummi bai taɓa tambayata a waya ba, sai dai ya ce ya sanyi, ya karatu. Wannan shirun nasa ya fi tambaya nauyi.

A mako na ƙarshe aka ce za a kai mu wata gona mai nisa, kuma a hanyar dawowa za a tsaya a wurin ruwan minti arba'in. Direbarmu wata tsohuwa ce mai suna Sigrun, ta haura sittin, furfura fat, tana juya babbar mota kamar tana tuƙa tuwo. Tun kafin mu sauka ta ce minti arba'in take nufi, domin akwai masu jiran motar a gari, wanda ya makara ya nemi hanyarsa.

Wurin fili ne mai tururi ta ko'ina, ƙasa tana huci ta ƙananan ramuka. A tsakiya an kewaye wani rami da igiya, faɗinsa bai fi bakin babbar rijiya ba, cike da ruwa. Su suna ce masa Strokkur. Mutane sun fi ɗari a zagaye, kowa ya ɗaga waya, ba mai magana. An ce yana tashi duk bayan 'yan mintoci, amma ba ya faɗa wa kowa lokacin.

Na samu wuri, na manna hannuwa a haƙarƙari, na yi bisimilla. Ina cikin gyara tsayuwa sai ƙasa ta yi wani gurnani, ruwan ya yi sama da ƙara kamar an fasa tanki. Ban san lokacin da na yi baya na faɗa kan wani Bature ba. Da na duba abin da na ɗauka, takalmina ne da gefen kwat ɗin Madam Ngozi.

Na biyu na tsaya da ƙafafuna, na kuma danna a kan lokaci, amma wani dogon mutum ya ɗaga hannu da waya a gabana. Hoton gwiwar hannunsa ya fito tas.

Sai na hango wani gefe da ba kowa, fili fetal. Na yi mamakin wautar mutane, na ruga can. Oyuna tana kirana ban saurare ta ba. Ban lura ƙasar wurin a jiƙe take ba, ban kuma lura iska can take kaɗawa ba. Ruwan ya tashi, na ga ya yi sama, sannan na ga ya karkato yana nufo ni gaba ɗayansa. Ban yi tunanin hoto ba. Na cusa kyamarar cikin kwat, na rufe da hijabi, na duƙa a kanta na ba ruwan baya. Ya sauko mini kamar an juye baho, da ɗumi, da warin ƙwai. Kafin in miƙe iska ta mai da shi ƙanƙara a jikina.

Na fito da ita. Ko ɗigo bai taɓa gilashin ba. Na yi hamdala, na kunna, ta kawo wuta ta ɗauke. Na sake, ta ƙi. Minti ashirin da biyar sun tafi, ga ni a jiƙe, ga kyamarar mutum ta mutu a hannuna. Na tsuguna a wurin, hawaye suka zo.

Sigrun ce ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta ce sannu ba. Ta karɓi kyamarar, ta zare batirin, ta ce sanyi ne ya kama shi, in sa shi a hammata in matse. Ta ja ni zuwa inda iska ke bayanmu, ta ture wasu samari biyu da kafaɗa ta samo mini gaba. Oyuna ta cire safar hannunta ta sa mini. Muna tsaye ruwan ya sake tashi, na huɗu ke nan, ni kuwa batiri na hammata.

Sigrun ta ce ta lura da ni tun ɗazu, sama nake kallo, kuma duk mai kallon sama ya makara. In kalli bakin ramin.

Na mai da batirin, kyamara ta kawo. Na sa ido a kan ruwan. Sai na ga ashe ba a kwance yake ba. Yana ɗagowa kaɗan, ya koma, ya ɗago, ya koma, wani lokaci ya yi kamar zai tashi ya fasa. Na san wannan. Duk macen da ta taɓa tsayawa a kan talge ta san shi, yadda yake numfashi, da yadda yake janyewa ciki daf da zai yi tsartuwa ya ƙone miki hannu. Tun ina 'yar shekara tara na iya kauce masa. Mutane suka ɗaga waya sau biyu a banza, ni ban motsa ba.

Sigrun ta duba agogo ta ce lokaci ya cika, ta juya ta nufi mota. Na ji Malam Isuhu ya bi ta yana tambayarta, cikin Turancinsa mai haɗe da Faransanci, wai wace irin ciyawa ce wannan a bakin hanya, kuma tumaki na cinta? Mutumin da ya yi mako biyar yana karatun ciyawar nan. Ita ma ta san jan lokaci yake yi saboda ni. Amma ta tsaya tana yi masa bayani.

Ruwan ya ja ciki, ya yi ƙasa sosai har bakin ramin ya bayyana. Na riƙe numfashi na danna kafin komai ya faru, na bar yatsana a kai. Ta cikin gilashin na ga ya kumburo kamar an kife babbar ƙwarya, shuɗi, irin shuɗin da ban taɓa gani ba ko a marina, sannan ya tsage ta tsakiya ya yi sama. Na bi shi a hankali har ƙarshensa, kyamara tana ta ƙyas-ƙyas a kunnena. Ban ja da baya ba ko taku ɗaya.

Ban duba ba sai a mota. Oyuna ta leƙo ta kafaɗata, ta yi wata ƙara da yarensu. Hoto goma sha ɗaya a jere, tun daga kumburin har tsayuwarsa, da mutane ƙanana a gindinsa kamar tururuwa. Kyamarar ta zagaya motar hannu zuwa hannu, ina bin ta da ido. Wani ɗan Uganda ya fara tafi, sauran suka kama. Sigrun ta kalla a madubi ta ce mun ci mata minti shida, sannan ta ƙara wa na'urar ɗumama mota wuta ta juyo da ita wajena. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da ko a bikin ƙanwata ban yi ba.

Ban turo hoton ta waya ba, ban kuma faɗa masa ba. Na bari sai da na iso Kusada, na yi wanka, na ci tuwon dawa da miyar kuɓewa har na kasa tashi. Da la'asar muka tafi shago tare. Ya fara duba gilashin kyamarar a hasken ƙofa, ya juya ta, ya ajiye. Sannan ya sa katin a kwamfuta. Ya wuce takalmina, ya wuce gwiwar hannun dogon mutumin nan. Da ya iso kan shuɗin kumburin sai ya tsaya. Ya matso da kujera. Ya daɗe yana kallo, har na fara jin kunya.

Ya ce ya ɗan karkace ta hagu. Na ce hannuna ne ya daskare. Ya ce ba komai, ana gyarawa. Sai ya ce wanda ke cikin kalandar ubangidansa ruwan ya riga ya tashi, bai taɓa sanin haka yake farawa ba.

Ran Alhamis ina shirin fita ofis ya biyo ni zaure da jakar a hannu. Ya ce akwai kamun amarya a Sukuntuni ran Asabar, cikin gida za a yi, kuma shekara da shekaru yana rasa irin wannan aikin saboda ba a barin namiji ya shiga wajen mata. Ya rataya mini jakar a kafaɗa.

«Ƙarfe huɗu suka ce,» in ji shi. «Ki je da wuri, ki ga inda haske yake.»